Wasiƙa daga Blackpool zuwa ga Baba

Blackpool, Ingila

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan wasiƙa za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Umma da Gwaggo da duk mutanen gida. Yaya tarin nan? Auta ya ce ya ɗan lafa tun da aka canja magani. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu a nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigida yana gaishe ku da kyau, jikokinku kuma kullum sai sun tambayi yaushe za a kai su wajen Kaka.

Na zaɓi in rubuto ne saboda idan muna waya rabin maganata ba ta isa kunnenku, kuma abin da ke raina yau yana da tsawo. Auta, ka zauna ta wajen kunnensu na dama, ka karanta a hankali, kada ka tsallake komai.

Akwai wata tsohuwa a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, ta haura shekara casa'in. Tun farkon zuwana na lura idan ina yi mata magana, bakina take kallo, ba idona ba. Wata rana ina taje mata kai na ce mata mahaifina ma haka yake yi. Ta tambaye ni aikin da kuka yi, na ce masaƙa, a Kakuri, cikin Kaduna, shekara ashirin da ɗoriya. Baba, sai matar nan ta riƙe hannuna. Ashe ita ma masaƙiya ce, tun tana budurwa ta shiga masaƙa a wani gari da ake kira Burnley, nan kusa da mu. Ta ce ƙarar injunan saƙa ce ta cinye mata kunne, kuma a ɗakin saƙa ba mai jin wani, da motsin leɓe suke hira daga wannan layi zuwa wancan. Na ce wallahi haka Baba ya ba mu labari. Tun daga ranar ta zama kamar kakata. Ita ce ta ce mini, tunda 'yar masaƙi ce ni, bai kamata in shekara biyu a garin nan ban hau hasumiya na ga abin da kuɗin masaƙa suka gina ba.

Ranar Asabar da ta wuce ba ni da aiki, gari kuma ya yi wasai, abin da ba kullum ake samu ba a nan. Muka ɗebi yara muka tafi.

Hasumiyar ƙarfe ce zalla, ja, tana zaune a kan wani makeken gini na jan bulo daf da bakin teku. Tsayinta ƙafa 518, wato mita 158. An buɗe ta ranar 14 ga Mayu, 1894. Wani babban mutumin garin mai suna John Bickerstaffe, wanda ya yi magajin gari, shi ya tsaya kai da fata sai an gina irin hasumiyar Eiffel da aka buɗe a Paris a 1889. Abin da na san zai sa ku murmushi shi ne kuɗin shiga a wancan lokaci: sisi ne a ƙofa, sisi kuma na hawa sama. Sisin nan dai da kuke ba mu labari, rabin sule.

Lif ne ya ɗauke mu. A can sama, wajen ƙafa 380 daga ƙasa, sun shimfiɗa daɓen gilashi, mutum ya taka yana kallon titi a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, motoci kamar ƙwaro. Yaran suka kwanta a kai suna ta murna. Ni na karanta addu'a na taka sau ɗaya, na koma jikin taga, don abin da ya kai ni yana can waje.

Ta yamma teku ne, Tekun Ailan, har inda ido ya ƙare. Mun yi sa'a ruwa ya janye, sai yashi fetal mai faɗin gaske yana ƙyalli. Sau biyu a yini ruwan nan yake ja da baya ya kuma dawo, ikon Allah. A kan yashin na hango jakuna a jere suna ɗaukar yara, sana'ar da aka fi shekara ɗari ana yi. Hukumar garin ta yi musu doka: ba a ɗora musu babban mutum, suna da hutun cin abinci da rana, kuma ranar Juma'a ba sa aiki. Ku faɗa wa Kawu wannan, shi da yake faɗa da masu labta wa jaki kaya.

Sai gadoji uku da suka miƙa cikin ruwa. Ba irin gadar kogin Kaduna ba ce da ake tsallakawa. Waɗannan sun shiga teku ne suka tsaya, a kan ƙafafun ƙarfe, an shimfiɗa katako a kai, don kawai mutum ya yi tattaki a saman ruwa ya sha iska. Ta arewa ita ce ta fari, 1863, kuma a da ta masu hali ce, ana biyan kuɗi a ƙofa don a rage talakawa. Bayan shekara biyar, 1868, aka gina ta tsakiya, wadda ta zama ta ma'aikata, a nan ake kiɗa da rawa a fili a wancan zamani. Ta kudu ta zo a 1893. Daga ƙasa mutum zai ce gada gada ce. Daga sama kuwa sai na ga yadda aka raba mutane aji-aji tun daga bakin ruwa, otal-otal manya sun yi arewa kan tudu, ƙananan masaukai sun cunkushe a tsakiya.

Amma abin da ya tsayar da ni, har maigida ya ce ko lafiya, shi ne da na juya wa teku baya na kalli gabas. Baba, layi ne bayan layi na gidajen jan bulo, manne da juna, rufinsu iri ɗaya, bututun hayaƙi a kan kowanne, tituna a miƙe kamar zaren da aka ja a kan injin saƙa. Mafi yawansu masaukan baƙi ne a da. Dubbai. Kuma baƙin da aka gina su dominsu ba sarakuna ba ne, ba attajirai ba, masaƙa ne irinku.

Bari in koma baya kaɗan, don na bi diddigin abin bayan mun sauko. Da can Turawan nan tsoron teku suke yi, wurin masunta ne da haɗarin jirage. Abin ya faro ne da neman magani. A 1626 wata mata mai suna Thomasin Farrer ta gano wata maɓuɓɓuga a gindin tsauni a Scarborough, can gabashin ƙasar, aka ce ruwan yana warkarwa, masu kuɗi suka fara tururuwa, daga baya suka shiga wanka a tekun kansa. A 1750 wani likita, Richard Russell, ya yi rubutu cewa ruwan teku magani ne, a yi wanka da shi, har ma a sha. Ya koma Brighton da zama, a kudu, marasa lafiya masu hannu da shuni suka bi shi. Da yarima mai jiran gado ya fara zuwa garin a 1783, shi ke nan, duk mai ji da kansa sai ya je. Kuma a lokacin akwai kunya. Wani ɗan ɗaki ne na katako a kan ƙafafun keke, mace ta shiga ta sauya kaya, doki ya ja shi cikin ruwa, ta sauka ta bayansa ba mai ganinta. A nan Blackpool ma ƙararrawa ake kaɗawa idan lokacin wankan mata ya yi, duk namijin da aka gani a bakin ruwa sai an ci shi tara. Na so Umma ta ji wannan, don na san abin da take zato idan aka ce bakin teku a ƙasar Turawa.

A 1801 mutanen Blackpool ba su kai 500 ba. Ƙauye ne, sunansa ma daga wani baƙin ruwan fadama ne da ke gangarowa teku. Jirgin ƙasa ne ya sauya komai da ya iso a 1846. Zuwa 1881 mutane sun kai 14,000, a 1901 sun kai 47,000. Tun daga 1879 suka kunna fitilun lantarki guda takwas a bakin ruwa, mutane suka zo daga nesa don kallon dare ya koma rana, kuma a 1885 suka fara taragon lantarki da ke bin gaɓar teku. Har yau yana aiki, shi nake hawa wani lokaci in na taso daga aikin dare.

Yadda masaƙan suke zuwa shi ne ya fi taɓa ni, kuma daga bakin tsohuwar nan na ji. Garuruwan auduga na wannan yanki na Lancashire, irin su Burnley da Blackburn da Oldham da Bolton da Preston, kowanne yana da makonsa guda a cikin bazararsu, tsakanin Yuni da Satumba. Idan makon gari ya zo, duk masaƙun garin sai a kashe wuta, a rufe, masu gyara su duba tukunyar tururi da injuna. Shaguna ma su rufe. Gari guda ya kwashe ya hau jirgi ya nufo teku. Mako mai zuwa kuma wani garin ne. Ta ce a wannan makon ne kaɗai hayaƙi ke washewa a Burnley har a ga tsaunukan da ke kewaye da su. Kuma hutun ba na albashi ba ne a zamanin iyayenta, in ba ka yi aiki ba babu ko kwabo, sai a 1938 aka yi dokar da ta buɗe hanyar hutu da biya. To da me suke zuwa? Da adashi, Baba. Kowane mako a zuba 'yan kwabbai a wajen mai riƙo a masaƙa ko a unguwa, shekara guda cur, ranar jajibirin tafiya a raba. Da ta faɗi haka na tuna adashin Umma na kayan Sallah, wanda ba ta taɓa bari ya karye ba ko a shekarar da aka rufe masaƙarku.

Ta ce idan sun iso, a layin da suka saba suke sauka, wajen matar da iyayensu suka saba sauka, maƙwabcinka na gida shi ne maƙwabcinka a nan. A zamanin iyayenta da cefanensu suke zuwa, uwar masauki ta dafa musu, har gishiri da yaji na kan tebur sai an biya kuɗinsa. Mutum huɗu ko biyar a ɗaki. Amma ta ce da asuba babanta yake tashinsu, ya kai su bakin ruwa ya ce su buɗe ƙirji su shaƙa, don ya fitar musu da ƙurar auduga ta shekara. Shi kansa tari ne ya yi ajalinsa. A nan na kasa riƙe hawayena, na fita na bar ta na ɗan lokaci. Kun san dalili.

Daga saman hasumiyar, ta kudu kaɗan, akwai wani fili mai faɗi da aka mayar wurin ajiye motoci, da wata hanya miƙaƙƙiya da ta fita daga cikinsa ta yi kudu. Wanda bai sani ba zai wuce. Nan ne babbar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar gari take a da, mai dandamali 14, inda jirage ke sauke dubban mutane ranar Asabar. An rufe ta a 1964. Hanyar nan kuwa shimfiɗar dogo ce aka zuba wa kwalta. Tashar ta tafi, amma siffarta tana nan kwance a ƙasa, sai daga sama ake gane ta. Kamar dai yadda kuke nuna mana inda tsohuwar ganuwa ta bi idan mun je Zariya, wurin da yanzu gidaje ne.

Abu biyu ne suka karya garin. Masaƙun Lancashire, waɗanda a 1912 suka saƙa yadi wajen biliyan takwas, suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda yadin ƙasashen waje ya fi araha. Sannan daga shekarun 1960 jirgin sama ya yi sauƙi, ma'aikaci ya gane da kuɗin adashinsa zai iya zuwa Sifaniya inda rana ba ta fashi. Masaukan nan dubbai suka rasa baƙi. Da yawa aka yanka su ɗaki-ɗaki ana bai wa marasa galihu haya. Ba zan ɓoye muku ba, Baba, talauci a bayan titin bakin tekun nan ya ba ni mamaki. A ƙididdigar gwamnati ta 2019, cikin unguwanni goma da suka fi kowa fatara a duk Ingila, takwas a Blackpool suke. Ina ganinsu a hanyata ta zuwa aiki, matasa da shaye-shaye ya lalata, tsofaffi su kaɗai a ɗaki ba mai leƙa su. Gidajen caca kuma ga su nan birjik da fitilu masu walƙiya, kuma daren Asabar ba na barin yara su kusanci wajen saboda mashaya. Mutanen gida da ke ganin hotunanmu a bakin ruwa suna zaton aljannar duniya muke, ku gaya musu kowane gari da bayan gidansa.

To amma ga inda labarin ya zo ƙofar gidanmu. Audugar da injunan nan ke ci ba ta tsirowa a Ingila. Daga Amurka ake kawo mafi yawanta, da Masar da Indiya. Da masu masaƙu suka ji tsoron dogaro da Amurka, sai suka kafa ƙungiya a Manchester a 1902 don a noma musu auduga a ƙasashen da suka mallaka. Ita ce BCGA, Baba. BCGA ɗin nan ta Funtuwa, inda kuka ce Kaka, marigayi kakanmu, yana kai audugarsa a kan jaki a auna. Dogon da ya isa Kano a 1911 ma da begen auduga aka shimfiɗa shi, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba. Kuma masaƙar farko ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lancashire aka kafa ta, David Whitehead, daga wani gari da bai fi tafiyar awa guda da 'yan mintuna daga inda nake zaune ba. Ina tsaye a saman hasumiyar nan ina lissafi: Kaka ya noma, an gurza a Funtuwa, an ɗora a jirgi, wata yarinya a Burnley ta saƙa, ta zuba kwabonta a adashi, ta zo ta kashe shi a garin nan. Ba zan ce audugar Kaka ce ta gina hasumiya ba, don an riga an gina ta kafin nan. Amma guminsa ya shiga cikin garin nan ta wata hanya, shi kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa ganin teku ba. Ku kuma kun yi aiki iri ɗaya da tsohuwar nan, kun shaƙi ƙura iri ɗaya, kunnenku ya tafi kamar nata, masaƙarku ta rufe saboda dalili mai kama da nasu. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma ban ga adalci a cikin yadda aka raba wahalar da daɗin ba.

Abin da na yaba musu kuwa, kuma na yaba da gaske, shi ne ba su bar abin ya ɓace ba. Hukumar garin ta sayi hasumiyar a 2010 don kada ta lalace, kuma tana cikin gine-ginen da doka ta ba kariya mafi girma, ba mai taɓa bulo ɗaya sai da izini. Gadojin suna shan wahala, gishiri na cin ƙarfe, guguwa na duka, gobara na tashi. Ta Brighton ta yamma ta ƙone a 2003, ƙwarangwal ɗinta kawai ya rage a cikin ruwa. Na nan ukun suna tsaye, kuma ba wani garin bakin teku a ƙasar da ke da uku.

Sannan akwai hotuna. Bayan yaƙin duniya na farko, a 1919, wasu da suka ƙware a harkar jirgin sama suka kafa kamfani mai suna Aerofilms, aikinsu su tashi sama su ɗauki hoton garuruwa su sayar. Sun tara hotuna sama da miliyan. A 2007 hukumomin adana kayan tarihi suka saye su, suka zuba wajen 95,000 a intanet, na tsakanin 1919 da 1953, kowa ya duba kyauta. Daren da muka dawo na zauna na nemo na Blackpool. Baba, yashin nan da na gani fetal, a hoton baƙi ƙirin yake da mutane, ba masaka tsinke, kamar filin Idi. Tashar da ta zama wurin motoci ga ta cike da jirage a jere. Na nemo na Burnley, bututun masaƙu tsaye kamar kurmin giginya.

Ranar Litinin na kai wa tsohuwar a waya, na buɗe mata hoton da girma. Ta daɗe tana bin titunan da yatsa. Can ta tsaya a kan wani dogon rufi mai haƙora kamar zarto, ta ce nan ne, ga ƙofar da take shiga, ga layin gidansu a baya. An rushe wurin tun tuni. Ta ambaci sunayen ƙawayenta na layin saƙa ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko ɗaya ba. Ta ce in gaishe ku, in ce muku 'yar'uwarku a sana'a tana gaisuwa.

Shi ya sa nake da roƙo. Auta, akwatin ƙarfen Baba da ke ƙarƙashin gado, akwai katin shaidar aikinsu a ciki, da hoton nan da suka ɗauka da abokan aikinsu a bakin ƙofar masaƙa, da takardar yabon da aka ba su. Ka ɗauke su hoto da kyau, cikin haske, gaba da baya, ka turo mini. Asalin kuma a sa a leda saboda gara da damshi. Baba, in kun samu sararin ƙirji da yamma, ku bar shi ya kunna waya ku yi magana yadda kuka saba: ranar da aka ɗauke ku aiki, nawa ne albashin farko, yadda Kakuri ke cika idan jiniya ta yi kuka, kekuna nawa, sunayen waɗanda kuka tsaya layi ɗaya da su, da waɗanda suka rasu. Ko minti goma-goma ne, kada ku takura kanku. In Yaya zai shiga Kaduna, ya bi ta Kakuri ya ɗauko mini abin da ya rage na ginin, ko daga saman benen wani ne. Jikokinku sun san shekarar da aka gina hasumiyar Blackpool, an koya musu a makaranta, ina so su san inda kakansu ya tsaya shekara ashirin.

Na aiko da kuɗin magani ta hannun Yaya, da na buhun masara, da ɗan abin da Umma za ta zuba a adashinta na wannan wata. A ci gaba da zuwa asibiti ranar da likita ya sa, ko da an ji sauƙi, kuma idan hunturu ya shigo a riƙa rufe hanci. Muna ta ƙoƙarin takardu, in Allah Ya yarda Ya ba ku lafiya ina so in kawo ku ku da Umma ko na wata guda ne, lokacin zafinsu. Lif ne, ba matakala ba, ba za ku wahala ba. In kuma tsohuwar nan tana raye, zan haɗa ku ku gaisa, na tabbata ba za ku buƙaci tafinta sosai ba.

A gaishe da Umma, da Gwaggo, da Kawu da iyalinsa, da Malam Liman, da maƙwabta gaba ɗaya. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
'Yarku